Kama da Wane: Tarihin Gano Wata Baƙuwar Cuta ta Ƙashin Muƙamuƙi

Gabatarwa

Girgiɗar haƙori da kumburin dasashi abubuwa ne da kowane gida ya saba gani a bakin yara. Galibi ba su wuce famfara ba, ko rashin tsabtar baki, ko ɗan ƙurjin da zai fashe ya warke cikin mako guda. Amma akwai wata baƙuwar cuta wadda takan fara da waɗannan alamomi, alhali kuwa aikinta a can ciki yake, tana cinye ƙashin muƙamuƙi a hankali har turamen haƙora su rasa abin da zai riƙe su. Likitoci a yau suna kiranta histiyositosis na ƙwayoyin Langerhans. Ba ta da yawa, domin a ƙasashen da ake ƙididdiga yaran da take kamawa a shekara ba su wuce kamar biyar a cikin miliyan ɗaya ba, a manya kuwa ba ta ma kai haka. Ta fi kama ƙananan yara, kuma ƙashi ne ta fi so, musamman ƙoƙon kai, sa'an nan haƙarƙari da cinya da muƙamuƙi.

Manufar wannan lacca ita ce bin sawun yadda masana suka gane wannan cuta. Aikin ya ci shekara fiye da ɗari, ya ratsa Ingila da Jamus da Amurka da Faransa, kuma a cikin wannan tafiya cutar ta amsa sunaye da dama. Kowane suna yana nuna iyakar abin da idon mutanen zamaninsa ya iya gani, kuma kowane suna ya jawo irin maganin da aka yi wa marasa lafiya, wani ya amfane su, wani ya cutar da su.

Ɗalibi da ruwan zinariya

A shekarar 1868, a birnin Barlin na ƙasar Jamus, wani ɗalibin likita mai suna Paul Langerhans, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya rina fatar mutum da wani ruwa da ake haɗawa da zinariya, ya duba ta a madubin likita. Sai ya ga waɗansu ƙwayoyin halitta masu rassa kamar saiwar itace, a warwatse a saman fata. Da yake wannan rini na zinariya an san shi da fito da jijiyoyi, sai ya ɗauka ƙwayoyin nan bakin jijiyoyin da ke jin taɓi ne. Shekara guda bayan haka ya sake gano waɗansu tarin ƙwayoyi a cikin fankiriyas, waɗanda daga baya aka san su ne ke fitar da insulin. Duka biyun suna ɗauke da sunansa har yau. Tarin fuka ya kama shi yana matashi, ya koma tsibirin Madera neman lafiya, ya rasu a can a 1888 ba tare da ya san ainihin aikin ƙwayoyin da ya gani a fata ba. Ba shi kaɗai ba, kusan shekara ɗari aka yi babu wanda ya sani.

A wannan zamani kuma aka fara fahimtar cewa jiki yana da dakarunsa. A 1882 Élie Metchnikoff, Barashe mai bincike a Italiya, ya ga ƙwayoyi suna kewaye ƙayar da ya soka wa wani ɗan ƙaramin halittar teku, suna neman haɗiye ta. Irin waɗannan ƙwayoyi masu haɗiya, waɗanda suke zaune a cikin tsoka da ƙashi da sauran sassan jiki, su ne Bajamushe Ludwig Aschoff da abokin aikinsa Kiyono na Japan suka raɗa wa suna histiyosait a 1913, watau ƙwayar cikin nama. Daga wannan kalma sunan cutar ya samo asali.

Cuta ɗaya, fuska uku

Tun a 1865 wani likitan Landan, Thomas Smith, ya ba da labarin yaro mai ƙuraje a ka da ramuka a ƙoƙon kai. Amma bayanin da aka fi tunawa shi ne na Alfred Hand na birnin Filadelfiya a Amurka, wanda a 1893 ya duba yaro ɗan shekara uku mai yawan fitsari da ƙishirwa, idanunsa sun firfito. Yaron ya rasu, aka kuma sami wani wuri mai taushi a ƙoƙon kansa. Hand ya ce tarin fuka ne. Ba a ga laifinsa ba, domin a wancan lokaci tarin fuka ne ke kashe mutane a ko'ina, duk wata cuta mai cin ƙashi kuwa shi ake fara zargi.

Abin da ya sauya al'amari shi ne hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a birnin Würzburg a ƙarshen 1895, wanda ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Bai fi 'yan makonni ba likitan haƙori Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa da wannan haske, ya zauna minti 25 kafin hoton ya kama. Daga nan likita ya sami damar ganin ƙashin mai rai ba tare da ya jira mutuwarsa ba. A 1915 Arthur Schüller na birnin Biyana ya nuna hotunan ƙoƙon kai masu ramuka, gefensu a karkace kamar iyakokin ƙasashe, har aka riƙa cewa ƙoƙon kai mai kama da taswira. A 1919 Henry Christian na Bostan ya kawo labarin yarinya 'yar shekara biyar mai alamomi uku: ramukan ƙoƙon kai, da firfitowar ido, da yawan fitsarin da ba na ciwon sukari ba. Hand ya karanta, ya koma kan tsohon bayaninsa, ya yarda cewa abin da ya gani a da ba tarin fuka ba ne. Aka haɗa sunayen mutanen uku aka ba cutar. Yawan fitsarin yana faruwa ne idan cutar ta taɓa wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke umurtar ƙoda ta riƙe ruwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara kuwa ana ganin dasashinsu ya kumbura, haƙoransu suna girgiɗa.

Fuska ta biyu ta fi muni. A 1924 Erich Letterer a Jamus, sa'an nan Sture Siwe a Suwidin a 1933, sun bayyana cutar jarirai mai zazzaɓi da ƙuraje da kumburin hanta da saifa da kaluluwa da ƙarancin jini, wadda ke kisa cikin 'yan watanni. A 1936 aka sa mata sunan su biyun.

Fuska ta uku ita ce mai sauƙi. A 1940, a birnin Niyok, Louis Lichtenstein da Henry Jaffe a gefe guda, Otani da Ehrlich a ɗaya gefen, suka ba da labarin rami guda ɗaya tak a ƙashin yaro ko saurayi, mai ciwo da ɗan kumburi, wanda idan aka kankare shi sai ya warke. Da suka duba abin da aka kankaro a madubi, sai suka ga histiyosait jingim, a cakuɗe da waɗansu fararen ƙwayoyin jini masu shan jan rini, waɗanda ake kira iyosinofil. Lichtenstein da Jaffe suka kira abin ƙullutun iyosinofil na ƙashi. Wannan shi ne nau'in da likitan haƙori ya fi cin karo da shi a muƙamuƙi.

To, ga cututtuka uku a littattafan likitanci: ɗaya tana kashe jariri, ɗaya tana jan yaro shekara da shekaru, ɗaya tana warkewa da kankara. Wa zai ce uwarsu ɗaya? A tsakanin haka ma waɗansu masana sun ɗauka ta Hand da Schüller da Christian matsalar kitse ce, saboda sun ga kitse a cikin ƙwayoyin, har suka sa ta a sahun cututtukan taruwar kitse a jiki. Daga baya aka gane kitsen nan tarkace ne kawai da ƙwayoyin suke haɗiya idan ramin ya daɗe.

Harafin jahilci

A 1941 Sidney Farber na asibitin yara na Bostan ya yi nuni da cewa idan aka ajiye alamomin waje aka dubi naman a madubi, cututtukan uku kamanninsu ɗaya. Lichtenstein ya bi wannan hanya, a 1953 ya tara su a ƙarƙashin suna guda: histiyositosis X. Harafin X shi ne wanda masu lissafi ke sa wa adadin da ba a sani ba tukuna. Watau mutumin ya faɗi gaskiya a cikin sunan kansa, cewa an san ƙwayoyin da ke taruwa, amma ba a san daga ina suke ba, ba a kuma san abin da ke tara su ba. Ba kasafai ake samun suna a kimiyya da ya amsa jahilcinsa a fili haka ba, kuma ya yi aiki fiye da shekara talatin.

Amfanin wannan haɗi ga maras lafiya babba ne. Daga lokacin, likitan da ya sami rami ɗaya a muƙamuƙi ya san wajibi ne ya duba sauran ƙasusuwa, ya tambayi yawan fitsari, ya lalubi hanta da saifa, domin ramin nan yana iya zama ƙofar gida ne kawai.

Amsar X ta zo daga inda ba a zata ba. A 1961, a Landan, Michael Birbeck da abokan aikinsa suna nazarin fatar masu cutar da ke sa fata ta yi farare-farare, da sabon madubi mai aiki da lantarki wanda ke girmama abu sau dubbai. A cikin ƙwayoyin nan na Langerhans suka ga wani ɗan abu mai siffar sanda, wani lokaci da kumburi a ƙarshensa. Turawa sun kwatanta shi da abin buga ƙwallon tanis, Bahaushe kuwa da ya gani ludayi zai ce. Babu wata ƙwayar jiki mai lafiya da aka sani tana da shi sai ita. A 1965, a birnin Faris, Françoise Basset ta ga wannan ludayi a cikin ƙwayoyin huhun mai histiyositosis X. A 1973 ita da Christian Nezelof suka fito da hujja cewa ƙwayar wannan cuta 'yar'uwar ƙwayar Langerhans ce. Da farko ba kowa ya yarda ba, domin da wuya a ga abin da zai kai ƙwayar saman fata cikin ƙashi. Amma a shekarar nan ta 1973 Ralph Steinman da Zanvil Cohn a Niyok suka bayyana wata ƙwaya mai rassa a cikin saifa, wadda aka gane daga baya aikinta shi ne ta kama baƙon abu ta nuna wa sauran dakarun jiki. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an tabbatar ƙwayar Langerhans daga wannan dangi take, ba jijiya ba ce. A 1985 masana suka kafa ƙungiya ta musamman a kan waɗannan cututtuka, a 1987 kuma suka jefar da harafin X suka sa sunan Langerhans a madadinsa, shekara 99 bayan rasuwar mai sunan.

Abin da likitan haƙori ke gani

A muƙamuƙi cutar ta fi zama a na ƙasa, ta wajen turame. Maras lafiya yakan zo da ciwo ko kumburi, ko gyambo a dasashi, ko warin baki, ko haƙoran da ke girgiɗa ba lokacin famfara ba. Wani lokaci a cire haƙori, ramin ya ƙi cikewa. Duk waɗannan alamomi ne na ciwon dasashi na yau da kullum, shi ya sa akan yi watanni ana wanke baki, ana ba da maganin ƙwayoyin cuta, ana cire haƙori bayan haƙori, alhali ƙashi yana ta zaizayewa. Abin da ya kamata ya tsayar da likita shi ne shekarun mai ciwon, domin ciwon dasashi mai cin ƙashi ba na ƙaramin yaro ba ne.

Hoton ƙashi ya taimaka ƙwarai, musamman bayan da Yrjö Paatero na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro hanyar ɗaukar muƙamuƙi duka a faifai guda a tsakiyar ƙarni na ashirin, da kuma bayan 1971 da aka fara ɗaukar hoton jiki yanka-yanka da taimakon kwamfuta. A hoton akan ga baƙin rami kamar an kwalfe ƙashin da cokali, haƙora kuwa suna tsaye a tsakiyarsa babu abin da ya riƙe saiwarsu. Likitoci suna kiran wannan haƙora masu shawagi. An daɗe ana ɗauka duk wanda ya ga wannan hoto ya ga cutar, amma kama da wane ba wane ba ne. Ruɓar ƙashi tana ba da irin wannan hoto, sankarar jini tana ba da shi, haka nan waɗansu nau'o'in ciwon daji.

A nan ne labarin ya taɓo Afirka. A 1957 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala, ya ga yaro mai kumburin muƙamuƙi ta kowane ɓangare, haƙoransa sun sassauta. A 1958 ya buga bayanin yara 38 masu irin wannan ciwo, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa. Sankara ce ta ƙwayoyin kaluluwa, mai saurin girma, ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya, inda aka yi muhimmin bincike a kanta a asibitin koyarwa na Ibadan a farkon shekarun 1960. Saboda haka likitan da ke aiki a Kano ko Zariya ko Damagaram, idan aka kawo masa yaro mai kumburin muƙamuƙi da girgiɗar haƙora, cutar Burkitt zai fara tunawa, kuma daidai ne, tun da ita ta fi yawa. Idan babba ne kuma, zai tuna da amelobilastoma, ƙarin da ke tsiro daga tushen haƙori, wanda ya yawaita a asibitocin wannan yanki. Haɗarin shi ne a tsaya a kan zato. Maganin Burkitt allurai ne masu ƙarfin gaske, na amelobilastoma yanke ɓangaren muƙamuƙi ne, rami guda na Langerhans kuwa sau da yawa kankara kawai yake bukata, ko allurar kotison a cikin ramin. Wanda aka yi wa kuskuren suna yana iya rasa rabin muƙamuƙinsa a kan ciwon da bai kai haka ba.

Raba gardama ɗaya ce, watau a yanki ɗan nama daga ramin a kai ɗakin bincike. A madubi ƙwayar tana da cibiya mai tsagi a tsakiya, wadda Turawa ke kwatantawa da ƙwayar kofi, ko da yake ƙwallon dabino ya fi kusa da idon mutanen nan. A da sai an nemo ludayin Birbeck da madubin lantarki kafin a tabbatar, aiki mai tsada wanda asibitoci kaɗan ke iyawa. Daga shekarun 1980 aka sami rini mai kama wata alama a jikin ƙwayar da ake kira CD1a, a shekarar 2000 kuma masana a Faransa suka gano sinadarin da ke gina ludayin kansa, suka kira shi langarin, ko CD207. A yau idan ƙwayar ta sha ɗaya daga cikin waɗannan rini biyu, kuma kamanninta da alamomin maras lafiya suka dace, an tabbatar da cutar. Akwai waɗansu cututtukan histiyosait da suke iya taɓa ƙashi, kamar ta Erdheim da Chester wadda aka fara bayyanawa a 1930, da ta Rosai da Dorfman ta 1969, amma su ba su shan wannan rini, da haka ake bambance su.

Bayan an sami suna sai a auna faɗin ɓarna. Akan ɗauki hoton sauran ƙasusuwa, a gwada jini da aikin hanta, a auna fitsari. Idan rami ɗaya ne, sakamako yana da kyau ƙwarai, kuma likitoci yanzu suna ƙoƙarin barin duk haƙorin da za a iya ceto, domin ƙashin yakan sake tsirowa. Idan wurare da yawa ne, maganin da aka fi bi shi ne binbilastin da firednison har tsawon shekara guda. Idan cutar ta shiga hanta ko saifa ko ɓargo, to, ita ce tsohuwar fuskar nan ta Letterer da Siwe, wadda har yanzu take da haɗari, ko da yake yawancin yaran suna rayuwa a yau.

Sankara ce ko kumburi?

Tambaya ɗaya ta rage bayan 1987. Shin ƙwayoyin nan sun taru ne don yaƙar wani baƙon abu, ko kuwa su da kansu ne suka lalace suka shiga hayayyafa kamar sankara? Masu ra'ayin farko suna cewa ai sankara ba ta warkewa da kanta, wannan kuwa takan warke. A 1994 aka nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin rami duk zuriyar ƙwaya ɗaya ce, wanda hali ne na ƙari. A 2010 masu bincike a Bostan suka sami gurɓacewa a wata ƙwayar gado mai suna BRAF a cikin 35 daga samfuri 61 da suka duba, watau fiye da rabi. Wannan gurɓacewa ba gadonta ake yi daga iyaye ba, a cikin jikin mutum take aukuwa, kuma aikinta kamar makunnin fitila ne da ya maƙale a kunne, yana ta umurtar ƙwaya ta ci gaba da rayuwa. A sauran marasa lafiya ma an sami makamanciyar wannan lalacewa a kan hanya guda. Saboda haka a yau ana lissafa cutar cikin ƙari, amma ƙari mai jawo kumburi, kuma an sami magungunan da ke kashe wannan makunni ga waɗanda tsohon magani ya gaza musu.

Binciken shekarun da suka biyo baya ya kuma nuna cewa ƙwayar cutar ba daga fata take tasowa ba kamar yadda aka zata a 1973. Daga ɓargo take fitowa, ko daga 'ya'yansa da ke yawo a jini, sai dai ta yi shigar ƙwayar Langerhans. Idan lalacewar ta auku tun a ɓargo, cutar takan bazu a jiki, idan kuwa ta auku a ƙwayar da ta riga ta kusa isa mazauninta, sai a sami rami guda. Wannan ya bayyana dalilin fuskokin nan uku da suka rikita magabata. Ya kuma nuna cewa sunan da ake amfani da shi yanzu ma kamanni ya bi, bai bi asali ba.

Kammalawa

Daga 1865 zuwa yau an kira wannan cuta tarin fuka, an kira ta ciwon kitse, an raba ta uku, an haɗa ta da harafin X, an jingina ta ga Langerhans, an kuma mai da ita sahun ƙari. A kowane mataki sabon kayan aiki ne ya gyara tsohon suna: hasken Röntgen, da madubin lantarki, da rini, da gwajin ƙwayoyin gado. Mutanen da suka yi aikin kuwa, irin su Hand da Lichtenstein, an fi tunawa da su ne saboda sun yarda su ce sun yi kuskure ko ba su sani ba.

Ga ɗaliban likitanci, abin riƙewa shi ne haƙorin da ya girgiɗa ba lokacinsa ba, da ramin haƙorin da ya ƙi warkewa, suna bukatar hoto, duk naman da aka kankaro daga muƙamuƙi kuma ɗakin bincike ya kamata ya tafi, ba kwandon shara ba. Ga ma'aikatan gwamnati masu tsara kasafin asibitoci kuwa, tarihin ya nuna inda hukuncin yake yankuwa. Ɗakin binciken nama ba ya da kwarjini kamar ɗakin fiɗa, baƙi ba su ziyartarsa ranar buɗe asibiti, amma rinin da ke cikin 'yar kwalba a can shi ke faɗa wa likita ko ya kankare ƙashi, ko ya yanke shi, ko ya ɗaura ruwan magani. Inda babu wannan rini da mai karanta shi, likita yana nan a matsayin Alfred Hand na 1893, yana duban yaro yana kiran sunan cutar da ta fi yawa a garinsa.